Yadda Ake Haɗa Na'urar Tsotse Danshi da Bututan AC Domin Ta Busar da Gida Gaba Ɗaya

Akwai gidan da za ka shiga ka tarar AC tana aiki, tamostat, wato ma'aunin da ke kunna ta yana kashe ta, yana nuna digiri 24 na Selshiyos, amma jiki na danƙo, zanen gado kamar bai gama bushewa ba, cikin kabad kuma sai warin funfuna. Mai gidan yakan rage lamba zuwa 21, ya sha sanyin da bai nema ba, kuɗin wuta ya hau, danshin kuwa yana nan daram. Dalili shi ne galibi tamostat zafi kaɗai yake aunawa. AC ba ta cire ruwa daga iska sai lokacin da kwamfiresarta, wato injin da ke matsa gas ɗinta, ke juyawa, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfinta kan rage zafi yake ƙarewa. Ranar da gari ya yi lumshi, ana ta yayyafi, waje bai wuce digiri 22 ba, ba ta da dalilin tashi, alhali ranar ce iska ta fi ɗauke da ruwa. In kuma AC ɗin ta fi ƙarfin gidan, cikin 'yan mintoci take kashe kanta, tun kwayil, wato naɗaɗɗen fayif mai sanyi da ke cikinta, bai jiƙe ba balle ruwa ya fara gangarowa. Abin lura ma, na'urar da Willis Carrier ya tsara a 1902 wa wata maɗaba'a a Brooklyn ta birnin New York, wadda daga ita AC ta zamani ta samo asali, domin danshi aka yi ta, saboda takarda tana kumbura tana motsewa har launuka su kauce wa juna.

Na'urar tsotse danshi ta gida gaba ɗaya akwati ne da ake haɗawa da bututan iskar gida. Fankarta tana jawo iska ta bi da ita ta kan kwayil mai sanyi, ruwan da ke ciki ya taru kamar yadda kofin ruwan sanyi ke zufa, ya zube ta fayif. Daga nan iskar ta ratsa kwayil mai zafi, ta fito a bushe da ɗan ɗumi. Gas ɗinta a rufe yake tun daga masana'anta, ba ruwanka da shi. Aikinka ya tsaya kan iska da ruwa da wuta, kuma a cikinsu hanyar iska ce ta fi raba aiki mai kyau da asarar kuɗi.

Fara da awo

Sayi ƙananan ma'aunan danshi biyu ko uku, ka gwada gaskiyarsu tukuna. Zuba gishiri a murfin kwalba, ka ɗiga masa ruwa har ya jiƙe ba tare da ya narke ba, ka sa shi tare da ma'aunan a cikin leda ko roba mai rufuwa ruf, ka bar su kwana guda. Ya kamata su nuna kashi 75 cikin ɗari. Wanda ya nuna 71, ka san za ka riƙa ƙara masa 4.

Sai ka ajiye su a falo, ɗakin kwana, da wurin da ya fi rima, ka riƙa rubuta abin da suka nuna safe da dare har mako guda a lokacin da gidan ya fi damunka. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, tana ba da shawarar danshin cikin gida ya kasance ƙasa da kashi 60, in so samu ne tsakanin 30 da 50. Sama da haka funfuna ke samun wuri, haka ma ƙananan ƙwarin ƙura da ido ba ya gani, waɗanda ke tayar wa masu asma da ciwonsu. Iskar da ke digiri 24 da danshi kashi 65 tana fara zubar da raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya kai digiri 17, iskar AC kuwa takan fito wajen digiri 13. Shi ya sa kake ganin ragar iska tana ɗiga, silin yana yin tabo a gefenta. In ka sauko da danshin zuwa kashi 50, raɓar ba za ta sauka ba sai wajen digiri 13, ɗigar takan tsaya.

Toshe hanyoyin da ruwa ke shigowa

Wannan matakin mutane suka fi tsallakewa, kuma ni shi na fi jin takaicin a tsallake. Rufin da ke yoyo, indararon da ke zuba a gindin bango, fayif da ke tsiyaya a cikin gini, duk wannan na'ura ba ta maganinsu, sa ta a kansu aikin baban giwa ne. Fankar banɗaki da ta kicin su fitar da iska waje, kada su juye ta cikin silin. Injin busar da tufafi ma haka. Idan akwai fili a ƙarƙashin daɓen gidan inda ƙasa take a buɗe, a shimfiɗa mata leda mai kauri, aƙalla milimita 0.15, a ɗora bakin wata kan wata a manne. A duba bututun da ke dawo da iska zuwa AC, domin idan ya huje a cikin silin, iskar waje mai ruwa yake zuƙowa duk lokacin da fanka ta tashi.

Sannan dubi tamostat. In fankar tana kan ON, mayar da ita AUTO. Fankar da ke ci gaba da hurawa bayan kwamfiresa ta tsaya, ruwan da ya maƙale a kwayil take busarwa ta maido maka cikin ɗakuna. Akwai gidajen da wannan kaɗai yake sauke danshinsu sosai. Ka sake awo na mako guda bayan gyare-gyaren. In har yanzu lambar tana zarce 60, to na'urar ta zama dole.

Girman na'urar

Ana auna ƙarfinta da yawan ruwan da take cirewa a awa 24. Masu ƙerawa a Amurka da fayint suke lissafi, fayint ɗaya kuwa lita 0.47 ne, kuma galibin na gida suna tsakanin fayint 70 da 130, wato lita 33 zuwa 61. Amma kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka sai ka ga a wane yanayi aka gwada. Tun 2019 gwajin gwamnatin Amurka na irin waɗannan na'urori a wajen digiri 23 da danshi kashi 60 ake yin sa. Wasu kamfanoni a wasu ƙasashe kuwa a digiri 30 da kashi 80 suke gwadawa, inda kowace na'ura za ta yi bajinta. Wadda aka rubuta mata lita 50 a wannan yanayin ba za ta ba ka ko kusa da haka ba a falonka.

Ga misalin lissafi. Gida mai faɗin murabba'in mita 200, tsayin silin mita 2.7, yana ɗauke da iska kubik mita 540. Iska mai digiri 24 ba ta iya riƙe fiye da giram 22 na ruwa a kowace kubik mita, don haka sauko da gidan daga kashi 65 zuwa 50 bai kai cire lita 2 ba. Nauyin aikin yana wajen iskar da ke kutsowa ta ƙofofi da tsaguna dare da rana. A ce kashi uku cikin goma na iskar gidan ke sauyawa kowace awa, waje kuma digiri 22 ne da danshi kashi 90. Kowace kubik mita da ta shigo tana da rarar ruwa giram 6 da rabi, wanda a awa 24 ya kama lita 25. Ƙara kamar lita 10 na numfashi, wanka, girki da wankin iyali mai mutum huɗu, ka samu 35. Na'ura mai lita 40 zuwa 45 za ta riƙe wannan gidan. Gidan da ke da tsaguna da yawa zai buƙaci fiye da haka.

Dubi kuma lita nawa take cirewa da kilowat-awa ɗaya na wuta. Mai kyau tana kaiwa lita 2 ko fiye. Ka tabbata ƙarfin wutarta ya dace da na gidanka, domin wadda aka yi wa bolt 120 da haz 60 ba ta zama a gidan bolt 230 da haz 50.

Daga ina za ta ja iska, ina za ta zuba ta

A nan ya kamata ka zauna da takarda da biro, ka zana bututan gidanka kafin ka taɓa almakashi.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a buɗe wa na'urar ragarta ta kanta a tsakiyar gida, a koridor ko bangon falo, ta ja iska daga nan, sannan ta zuba busasshiyar a babban bututun da ke kai iska ɗakuna, a inda iska ta riga ta wuce kwayil ɗin AC. Masu ƙerawa da dama suna neman a bar tazarar kamar santimita 60 daga kwayil ɗin. Amfanin wannan tsari shi ne na'urar tana iya aiki ko babbar fankar AC tana kashe, kuma busasshiyar iskar ba ta bi ta kan jiƙaƙƙen kwayil ta sake kwasar ruwa. Sharaɗinsa biyu ne. Na farko, dole a sa ƙyauren hana iska komowa a bakin fitar na'urar, in ba haka ba duk lokacin da take hutawa fankar AC za ta riƙa tura sanyi ta cikinta da baya, ya fita ta ragar koridor. Na biyu, matsin iska. Fankar na'urar ƙarama ce, tana tura kubik mita 250 zuwa 500 a awa, kuma kokawa za ta yi da babbar fanka in sun tashi tare. Huda ƙaramin rami a inda kake son haɗawa, ka kunna AC, ka sa ma'aunin matsin iska. Galibin na'urorin iyakarsu tana wajen faskal 100 zuwa 150 (da faskal ake auna matsin iska), littafin jagorar taka zai faɗi nata. In matsin ya haura, matsa gaba can cikin bututun inda ya ragu, ko ka canza tsari.

Hanya ta biyu ita ce a ja daga bututun dawo da iska, a kuma mayar cikinsa. Ita ce mafi sauƙin haɗawa, shi ya sa masu aiki da yawa ke son ta, kuma matsin iska ba ya damun ta. Sai dai tana da tsada a ɓoye. Dole babbar fanka ta tashi duk lokacin da na'urar ta tashi, wuta ta ƙaru. Iskar da aka busar za ta ratsa kwayil ɗin AC: in a jiƙe yake AC na hutawa, ta kwashe ruwan ta dawo da shi gida, in kuma AC na aiki, ta rage mata yawan ruwan da da za ta cire da kanta. In babu makawa sai ita, a bar aƙalla mita 1.8 tsakanin inda aka ja da inda aka mayar, mashigar tana baya, mafitar tana kusa da AC, domin kada na'urar ta riƙa shaƙar abin da ta fitar.

Akwai masu ja daga bututun dawowa su zuba a bututun kaiwa. Wannan yana sa ƙaramar fanka tsakanin zuƙa ta baya da turi ta gaba, iskarta ta ragu ƙwarai, kwayil ɗinta ya iya yin ƙanƙara. Ban ba ka shawararsa ba sai ka auna ka ga jimlar matsin biyun tana ƙasa da iyakar na'urar.

Gidan da AC ɗinsa na bango ne, babu bututai, shi ma yana iya amfana: raga ɗaya ta ja a tsakiya, bututu biyu ko uku su kai ɗakunan kwana, a bar rata a ƙasan ƙofofi domin iska ta samu hanyar dawowa.

Kowace hanya ka bi, kada ragar ja ta kasance a kicin, banɗaki ko gareji. Kada kuma ta kasance a ɗakin da hitar gas ko tukunyar ruwan zafi ta gas take, domin zuƙar na iya juyo da hayaƙin da ya kamata ya fita ta bututunsa, iskar kabon monoksaid ta shigo gida. Ba ta da wari, kuma tana kisa. Gidan da ke ƙona gas ko mai domin ɗumi ya kamata ya kasance da ƙararrawar gano ta.

Girka akwatin da haɗa bututai

Zaɓi wuri kusa da AC inda ruwa zai iya gangarawa da kansa, kuma inda za ka iya zaro matatar iska ba tare da ka kwance komai ba. Na'urar da ke wurin da ba a iya kaiwa, matatarta ba ta ganin canji. In an kawo ta a kwance ko a karkace, bar ta a daidai kwana guda kafin ka kunna, man kwamfiresa ya koma mazauninsa.

Kashe wutar AC da ta hita daga bireka. Ɗora akwatin a kan faifan roba masu shanye girgiza, ko ka rataye shi da kayan ratayar da aka yi domin sa, ka sa lebur ka daidaita shi ta kowane gefe, domin in ya karkace ruwa a ciki zai kwanta. Idan a cikin silin ne ko a saman ɗakin da ake zama, sa faranti mai faɗi a ƙarƙashinsa tare da makunnin tsaro mai tasowa da ruwa, wanda zai yanke aikin na'urar in farantin ya fara cika.

Bututun ya zama daidai da bakin na'urar, galibi santimita 20 ko 25, kada ka rage shi. Ɗora kwalar haɗi a jikin babban bututu, zana da'irarta, huda rami, ka yanke da almakashin kwano, da safar hannu domin bakin kwano reza ne. Tabbatar babu kwayil, waya ko tukunyar hita a bayan inda za ka huda. Shigar da kwalar, ɗaure da sukurori, ka shafe gefenta da mastik, wato gam mai kauri na bututun iska, ko tef ɗin alminiyom. Tef ɗin yadi yana bushewa ya ɓare.

Tsakanin akwatin da bututun ƙarfe sa guntun bututu mai lanƙwasuwa, kamar rabin mita zuwa mita, domin ya yanke ƙara. Ja shi ya miƙe sosai, wanda ya tattare ko ya yi ciki yana cinye iska. Rage gwiwoyi iya iyawarka. Ƙyauren hana komowa yana da kibiya a jikinsa, ta fuskanci babban bututu, kuma ka taɓa shi da yatsa ka ga yana buɗewa yana rufewa da kansa, babu sukurun da ya tokare shi. Duk bututun da ya bi ta silin ko wani wurin da AC ba ta sanyaya shi, a naɗe shi da mayafin hana zafi, a manne bakunan ledar da ke bayansa.

Wasu na'urorin suna da baki na uku na shigo da iskar waje, a tace ta a busar kafin ta shiga gida. Yana da amfani ga gidan da aka toshe tsagunansa sosai. Bututun santimita 15 ya wadatar, da ƙyaure mai mota da ke buɗewa bisa lokaci, bakinsa na waje kuma ya yi nisan mita 3 daga duk wata mafitar hayaƙi ko wari.

Ruwa

Lita 40 a yini ba wasa ba ne in ya ɓace hanya. Yi amfani da fayif na PVC mai inci uku bisa huɗu, ka ba shi gangare aƙalla santimita 1 a kowace mita, 2 ya fi, ka tallafe shi domin kada ya lotsa a tsakiya. Duba littafin jagora kan gwiwar tarko mai siffar U: wasu na'urorin sai da ita, domin zuƙar fanka tana riƙe ruwa a ciki in babu, wasu kuma an riga an gina musu ita a ciki, ƙara ta biyu yana toshe tafiyar ruwan. Bakin fayif ɗin ya tsaya sama da magudana da ɗan rata, kada ya nutse, kada kuma a haɗa shi kai tsaye da bututun masai. Inda gangare ba zai yiwu ba, sa ƙaramin famfon tura ruwa, ka haɗa makunnin tsaronsa da na'urar.

Wuta da wayoyin umarni

Na'urar tana cin kimanin wat 600 zuwa 900. Ba ta soket nata mai wayar ƙasa, ban da wayar ƙari. In sai an ja sabon layi daga allon bireka, wannan aikin ƙwararren mai lantarki ne, kuma a wurare da yawa doka ma haka ta ce.

Wayoyin umarni na bolt 24 ne. Idan tsarinka yana buƙatar babbar fanka ta tashi tare da na'urar, ta wayar G ake bi, wadda ita ce ta fanka a tamostat, bisa zanen da ke littafin jagora. Ɗauki hoton wayoyin kafin ka cire ko ɗaya. Kada ka yi aikin da wuta a kunne, domin wayoyin R da C, masu ɗauke da wutar, suna haɗuwa fis ɗin allon AC ya ƙone, wani lokaci har taransifoma. Ma'aunin da zai riƙa ba na'urar umarni a kafa shi a bangon ciki, tsayin mita ɗaya da rabi, nesa da rana, kicin, banɗaki da ragar da ke huro iska, a kuma toshe ramin wayar da ke bayansa domin kada iskar cikin bango ta ruɗe shi.

Gwaji da saiti

Zuba ruwa lita ɗaya ko biyu ta hanyar fayif ɗin ka bi shi da ido har ƙarshe. Ɗaga makunnin tsaro da hannu ka ga na'urar ta tsaya. Mayar da wuta, saita danshi ƙasa da abin da gidan ke nunawa. Fanka za ta fara, kwamfiresa ta biyo bayan 'yan mintoci. Iskar da ke fita ta fi mai shiga ɗumi, haka ya kamata. Kowace lita da aka cire tana sakin zafi kusan kilowat-awa 0.7, ga kuma na wutar da na'urar ta ci, saboda haka AC za ta ɗan ƙara aiki. Abin da ke rama wannan shi ne busasshiyar iska ta fi daɗi a jiki, mutane da yawa sukan ɗaga tamostat da digiri ɗaya ko biyu ba tare da sun ji zafi ba.

Kashe na'urar, ka kunna AC, ka kara 'yar takarda mai laushi a ragar koridor. In iska na ture ta, ƙyauren bai rufe ba. Sai ka kunna su biyun tare, ka tara ruwan a bokiti na awa guda. Mai lita 40 ya kamata ta ba da abin da ya kusa lita ɗaya da rabi a gida mai danshi. In ta gaza haka da nisa, koma kan matsin iska da lanƙwasar bututu.

Saita ta a kashi 50 zuwa 55. Neman 40 wuta kawai yake ci, ƙasa da 30 kuma hanci da maƙogwaro su bushe, katako ya fara tsagewa. Kwanakin farko za ta yi ta aiki kusan ba hutu, saboda katifu, katako, littattafai da bango suna sakin ruwan da suka daɗe da sha. Ba ta mako ɗaya ko biyu kafin ka yanke mata hukunci, tagogi kuma a rufe.

Duba matatar iska duk wata shida, ka wanke ko ka canza gwargwadon irinta, ka kuma zuba ruwa a fayif domin wanke yauƙin da ke taruwa a gwiwa. Kwayil ɗinta yana fara yin ƙanƙara in iskar da ke shiga ta sauka ƙasa da digiri 18, sai ta riƙa tsayawa tana narkarwa. A lokacin sanyi, in hita tana aiki kuma ma'auni ya tsaya ƙasa da kashi 50 da kansa, kashe ta, ka tsiyaye ruwan gwiwar in wurin yana iya daskarewa. Kafin ka sake kunna ta, cika gwiwar da ruwa, ka gwada makunnin tsaro da ƙyauren kamar ranar farko.